Ƙuna Ce, In Ji Umma

Na ga saƙonninku. Wasu na ta yi min barka, wasu na cewa in naɗe su in sa a akwati, wata ma ta rubuto wai in taho mata da yashin bakin teku a kwalba. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma da kun ga fuskata ranar da biza ta fito, da jaje za ku yi min.

Ga wadda yau ta fara biyo mu, bari in taƙaita. Ina aiki a shagon gilashin ido, ni ce a kanta, ni ke zaɓar wa mutum firam in daidaita masa shi a karan hanci. A nan Dogo ya same ni. Ya shigo da gilashinsa a hannu, ƙafa ɗaya ta karye ya ɗaure ta da wayar wuta, don sana'arsa gyaran esi ce, na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya yana gaida madubi da ladabi yana zaton mutum ne. Tun daga ranar yake kirana Likita, duk da na sha gaya masa ko allura ban iya riƙewa ba. Magana ta yi nisa, manya sun shigo, Abba ya amsa. Sai mahaifiyar Dogo, Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ko gaishe ta ka yi sai ka ji kamar jarrabawa take duba maka, ta ce ƙungiyarsu ta tsofaffin malamai mata za ta tafi yawon buɗe ido ƙasar waje, can bakin teku inda rana ba ta wasa, kowace da 'yar rakiyarta. 'Yarta tana da tsohon ciki, don haka ni za ta ɗauka.

"Ɗakinmu ɗaya da ita," ta ce wa Dogo. "Ina son in san wadda za ka kawo min gida."

Shi kam murna ya yi, har da tsalle a waya. Ni kuwa tun a lokacin na fara lissafin yadda zan kwana ɗaki ɗaya da ita.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba duk tsawon zaman da muka yi tare. Ina da fari a jiki. Fari tas, mai santsi, a gwiwar hannuna biyu, a kafaɗa, da wani babba da ya gangara gadon bayana. Bara wani ƙarami ya fito a bayan hannuna na dama, shi nake rufewa da hodar ruwa kowace safiya, duk alwala in wanke in sake shafawa. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, likita ya ce ba a ɗaukarsa, sai dai rana tana ƙona wurin ya yi jawur. Sunansa albaras. Kun ga na rubuta, hannuna bai karye ba. Amma kafin Asabar ɗin nan bakina bai taɓa furta kalmar nan ba, kuma a gidanmu ba a furta ta.

A gidanmu ƙuna ce. Ina ƙarama sosai ya fara fitowa, muka je gidan wata gwaggona, na sha ruwa, ina kallo ta ɗauke kofin da yatsu biyu ta ajiye shi gefe daban. Umma ta kama hannuna muka dawo gida. Washegari aka haifi labarin: wai ita ce ta sauke butar ruwan zafi ina rarrafe a bayanta, ta yi tuntuɓe, ruwan ya sheƙo min. Dangin Abba suka yi mata ca, aka kira ta mai sakaci, aka kira ta ballagaza, wata ma ta ce irinta ba su cancanci haihuwa ba. Ta haɗiye duka. Gara a zage ta da abin da ba ta yi ba da a ware min kofi. To ku gaya min, da wane baki zan ƙaryata matar da ta yi min wannan?

Ranar Asabar da hantsi muka baje kaya. Ɗakina ba shi da girma: gado, durowar kaya mai ƙofar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da kujera, madubi, sai fankar sama mai kukan tsufa. Akwatin aro ne daga wurin Yaya, ja, taya ɗaya gurguwa. Umma ta zauna a bakin gado tana ninki, ni ina ƙasa ina jerawa. Wayata na kan filo, guruf ɗin tafiya sai ƙara yake, tsofaffin nan ba sa gajiya. Wannan ta turo hoton silifas tana tambaya ko ya yi, waccan tana neman wadda za ta sa mata garwar man shafawa a nata akwatin saboda kilonta ya cika, wata kuma tun safe take tambayar ko jirgin yana tsayawa a hanya a yi salla. Sai ga saƙon murya daga shugabar tafiya, na danna.

"Salamu alaikum iyayena da 'ya'yana. Ina ƙara tunatarwa, inda za mu zafi ne mai gumi, ba irin wanda kuka sani ba, iskar ma jiƙaƙƙiya ce. Kaya marasa nauyi, na auduga, masu sakin jiki. Silifas, laima, man kare rana, gorar ruwa, caja. Fasfo a jakar hannu, ba a akwati ba, na roƙe ku. Wadda ta ɗauko leshi mai duwatsu ita da Allah, ni ba zan goyi kowa ba. Ku kuma 'yan mata masu kwalliya, ku haƙura da hoda. Kafin ku fito daga filin jirgi ta narke ta sauko muku wuya."

Guruf ya kaure da dariya. Ni na kalli bayan hannuna.

"Kashe abin nan," in ji Umma. "Surutu kawai. Miƙo min baƙaƙen can."

Baƙaƙen su ne rigunan ciki masu dogon hannu, masu kama jiki, da ta sa aka sayo min har rabin dozin. Ta jera su a ƙasan akwati, ta ɗora dogayen riguna masu shafi, ta ɗora hijabai masu kauri, ta cusa safar hannu a cikin takalmi. Kwalaben hodar ruwa kuwa ta naɗe kowace a safa ta tura lungu-lungu. Duk wanda ya leƙa akwatin nan zai rantse ƙasar ƙanƙara za ni.

Tana yi tana karanto min dokoki. Wanka sai Hajiya ta yi barci ko ta fita. Canza kaya a banɗaki, ƙofa a kulle. Alwala kada in kuskura in yi a gaban kowa. In an ce a shiga ruwa, ina jin tsoron ruwa. In an ce a yi tausa ko a shafa wa juna mai, fatata ba ta son man kowa. In barci zan yi, da rigar ciki, zani har wuya.

"Umma," na ce a hankali, "in na gaya masa fa?"

Hannunta ya tsaya cak a kan rigar da take ninkewa.

"Ki gaya masa me?"

"Gaskiya."

"Gaskiyar ita ce ruwan zafi ya zubo miki, ni na zubo shi. Wace gaskiya kuma kike nema?"

"Umma, ni da ke ne fa kaɗai a ɗakin nan."

"Ko ni da ke ne. In kika saba faɗa a ɗaki, wata rana a waje za ta suɓuce miki." Ta daki rigar da tafin hannu ta kwantar da ita. "Kin manta ɗan mai kantin magani? Har kujera yake da ita a falon nan. Wata 'yar baƙin ciki ta raɗa masa a kunne, kin ƙara ganin ƙeyarsa? Ko sallama ya yi miki?"

Ban manta ba. Wata guda na yi ina zabura duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"A ɗaura aure tukuna, Auta. In ya gani, ƙuna ce. Namiji yana zama da mai tabon ƙuna, har ya tausaya mata. Wancan sunan kuwa, ko shi ya yarda danginsa ba za su bari ba, cewa za su yi za ki haifa musu shi. Ki dai tsallake tafiyar nan lafiya. Kina jina?"

"Ina ji, Umma."

Ta tashi ta tafi kicin. Wayata ta yi haske, Dogo ne.

"Likita, an gama shiri?"

"Ana kai," na rubuta.

"In kin isa bakin ruwa ki turo hoto. Zan goge gilashi da kyau in zauna jira."

Na tura masa 'yar fuskar dariya. Fuskata ta gaske kuwa ko kusa.

"Albishirinki. Jiya Hajiya ta yabe ki. Wai ta lura ko ana zafi hannunki a rufe yake, ba kamar 'yan matan yanzu ba. Kin ci maki ɗaya, kuma Hajiya ba ta ba da maki a banza."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na rubuta, "Akwai maganar da nake son mu yi." Na kalle ta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Shi yana can yana ganin alamar ina rubutu, har ya gaji.

"Wasiƙa kike rubuta min ne?"

"Cewa zan yi ka kula da tsani."

"An gama, ranki ya daɗe."

Kada ku yi min dariya da abin da na yi bayan nan. Na kashe fanka, na rufe taga, na sake shafa hoda a hannu na bari ta bushe, sannan na jona dutsen guga na hau gugar mayafai. So nake in ga ko maganar shugabar tafiya gaskiya ce. Ban gama na uku ba gumi ya fara bin damtsena. Na ɗaga hannu na duba a madubi. Hodar ta yi laushi, gefenta ya fara dalala, farin yana leƙowa. A ɗakina ke nan fa, ba a ƙasar da aka ce iskarta ma jiƙaƙƙiya ce ba. Na zauna a kan akwati ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Tsoro nake ji, tsoro tsantsa.

Na goge, na ƙara shafa wata mai kauri. Ko bushewa ba ta gama yi ba na ji sallama a falo.

Muryar nan ba ta ɓuya. Kowane harafi a wurinsa, kamar tana gaban allo.

"Lale, lale da Hajiya!" Muryar Umma ta haura sama fiye da kima, na san gargaɗi take min. "Ba ki ce kina tafe ba, ai da mun shirya. Bismilla, ga kujera."

"Ba zama zan yi ba, Maman Auta. Saƙo na kawo wa 'yata, kuma ina son in ga shirinta. Yaran yanzu sai su cika akwati da turare su manta buroshi."

Kafin in ja mayafi ta ɗaga labule. Doguwa ce kamar ɗanta, siririya, gilashinta rataye da sarƙa a wuya, leda a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, hannuna na dama a ƙarƙashin na hagu.

"Ɗakin nan kuwa lafiya? Taga a rufe, fanka a kashe?"

"Ai ita sanyi ne da ita, Hajiya," Umma ta yi caraf daga bayanta. "Ko iska kaɗan ba ta so."

Hajiya ta kalli gumin da ke tsiyaya a goshina. Ta miƙa hannu ta kunna fanka da kanta, ta sa gilashi, ta sunkuya kan akwati. Ta ɗago doguwar riga mai shafi ta auna nauyinta a hannu.

"Wannan fa?"

"Ta fita ce, Hajiya."

"Fita zuwa ina? Suma za ki yi a titi." Ta ajiye ta gefe. Ta ɗago hijabi, gefe. Ta zaro baƙaƙen rigunan ciki ɗaya bayan ɗaya tana tara su a kan gado, duk wadda ta ajiye sai in ji kamar fatata ta ɗaye. Ta ɗauki takalmi, safar hannu ta faɗo. Ta taɓa wata safa ta ji tauri, ta zazzage, kwalbar hoda ta gangaro kan zanin gado. Ta samo ta biyu, ta samo ta uku.

"Duk na fuska ɗaya ne wannan?"

"Tsaraba ce... wato, na ƙawaye ne," na ce. Ni kaina ban san me nake faɗa ba. Wa ke tafiya da tsaraba daga gida?

Ta dube ni ta saman gilashi, ta jera kwalaben a kan durowa. Sannan ta buɗe ledar da ta zo da ita.

"Ga rigar ƙungiya. Kowa iri ɗaya, ita za mu sa ranar tashi da ranar shiga jirgin ruwa. Da ido na kwatanta wa tela tsayinki, ki gwada in gani, in da gyara a mayar masa yau."

Fara ce sol. Auduga mara nauyi, in ka ɗaga ta sai ka hango haske ta ciki, hannunta mai faɗi, iyakarsa ƙasan gwiwar hannu kaɗan. Riga mai kyau ce, wallahi, irin wadda na sha tsayawa ina kallo a shago in wuce.

"Za ta gwada anjima, Hajiya, in da gyara ni zan kai," in ji Umma. "Ki zo falo ki sha ruwa."

"Na sha a gida. Jeki sa, 'yata."

Na ɗauki rigar, na faki ido na haɗa da baƙar rigar ciki guda, na shige banɗaki na murza makulli. Na sa baƙar, na ɗora farar, na ja hannun baƙar har wuyan hannu. Babu hoda a banɗakin, duk suna kan durowa a gaban Hajiya. Na hura wa bayan hannuna iska da baki, na yi addu'ar da ta zo min, na fito.

"Masha Allah, tsayin ya yi," ta ce. "Juya. To. Amma mene ne wannan baƙin a ciki? Ki cire shi, ya ɓata rigar."

"Ta saba ne, Hajiya," in ji Umma.

"Za ta saba da rashinsa. Zo nan in ga hannun, kamar ya yi miki faɗi."

Ta kamo hannuna na dama. Yatsunta busassu ne, masu sanyi, nawa kuwa sharkaf. Ta ɗaga shi, ta ja bakin hannun rigar tana aunawa da yatsun da suka gogi bayan hannuna. Da ta saki rigar, sai ga shatin hoda ruwan ƙasa shimfiɗe a kan farin yadi. Ta kalli shatin. Ta juya babban yatsanta ta kalla, shi ma ya ɗauka. Sannan ta kalli hannuna.



Ba ta sake ni ba. A hankali ta tura hannun baƙar rigar sama, ta wuce tsintsiyar hannu, ta kai gwiwa. Na rufe ido.

"Ƙuna ce, Hajiya!" Umma ta matso har tana tuntuɓe da akwati. "Ruwan zafi ne. Tana rarrafe, ni kuma na sauke buta, ban san tana bayana ba. Laifina ne, sakacina ne, har gobe ina kuka da ranar nan. Kunya take ji shi ya sa take rufewa, kin san 'yan mata."

Na sha jin labarin nan, na haddace inda take jan numfashi da inda muryarta ke karyewa. Ban taɓa jin ya fito da rauni kamar na ranar ba. Hajiya ta bar ta ta kai aya, ba ta katse ta ba. Sannan ta kamo hannuna na hagu, ta tura shi ma sama, ta haɗa gwiwoyin biyu tana dubawa.

"Butar ta iya zaɓe," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Dama da hagu, daidai wa daida." Ta shafa wurin da yatsa. "Na yi shekaru ina karɓar yaran mutane, Maman Auta, na ga masu ƙuna da yawa. Ƙuna tamukewa take yi."

"Wallahi Hajiya..."

"Kada ki rantse." Ta juyo gare ni. "Buɗe idonki. Ke nake tambaya. Ƙuna ce?"

Umma na tsaye a bayan kafaɗarta. Ba harara take min ba, da harara ce da na ji daɗi. Roƙo ne a idonta. Duk zagin da ta sha saboda ni yana nan a fuskarta, kuma kalma ɗaya daga bakina za ta mayar da ita maƙaryaciya a gaban surukarta. In kuma na ce eh, na yi wa Hajiya ƙarya ido da ido, hannuna a cikin nata, alhali ta riga ta gani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"A'a, Hajiya," na ce.

Wani ɗan sauti ya fita daga maƙogwaron Umma. Ban iya kallonta ba.

"Likita ya ce ba a ɗauka," na ƙara da sauri, hawaye na shiga min baki. "Wallahi ba a ɗauka, ko kofi ɗaya aka..."

"Na sani. Da ana ɗauka kin ga na riƙe ki haka? Na san sunansa ma, ba sai kin faɗa min ba." Ta sauke min hannun rigar da kanta. "Shi ya sani?"

Na girgiza kai.

"Sai yaushe?"

Na kalli kwalaben hodar da ke jere a kan durowa, su ne amsar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci min rai. Umma, matar da ban taɓa ganin ta sunkuya wa kowa ba, ta zube gwiwa biyu a kan kayan da aka watsar.

"Ni ce, Hajiya. Ta so ta gaya masa, yau ɗin nan ma ta so, ni na hana. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki. In fushi za ki yi, da ni za ki yi."

"Subhanallahi, tashi. Don Allah tashi, ni ma uwa ce." Ta kamo ta ta zaunar a bakin gado. Na ga ta cire gilashi ta daɗe tana goge shi da bakin mayafi, ban san me ke ranta ba, fuskar nan ba ta karantuwa. "Abin da nake gani game da maganar nan na bar shi a cikina tukuna. Amma ba zan hau jirgi da ke, in kwana ɗaki ɗaya da ke, ina ɗauke da abin da ɗana bai sani ba. Kuma ba a bakina zai ji ba."

Ta zaro wayarta daga jaka, ta danna lambar Dogo, ta miƙo min. Tana ringin.

"Hajiya, ki bari ya dawo daga aiki," na ce. "Ki bari gobe..."

"Riƙe."

Ya ɗauka. Ina jin ƙugin injin a bayansa.

"Hajiya, ina kan tsani, in kira ki?"

"Ni ce."

"Likita! Har kin ƙwace wayar Hajiya? Lallai maki ya ƙaru."

"Ka sauko daga tsanin."

Dariyar ta ɗauke. Na ji ƙarar ƙarfe, na ji takunsa, injin ya yi nisa.

"Na sauko. Me ya faru? Hajiya lafiya?"

"Lafiyarta lau. Ni ce. Akwai abin da ban gaya maka ba." Na dafe bango. "Ina da... a jikina akwai..." Na kalli Umma, ta juya fuska ga durowa, kafaɗunta na rawa. "Ina da albaras."

Ashe haka take a baki. Gajeruwa ce, ban san gajeruwa ba ce.

Na ciro wayar daga kunne na duba ko ta katse, ba ta katse ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarama."

"A ina?"

"Gwiwar hannu, kafaɗa, baya. Da bayan hannuna na dama, shi hoda nake shafa masa."

"Hannun da kike sa min gilashi da shi?"

"Eh."

Na ji ya ja numfashi. Na jira ya yi faɗa, na jira ya ce ba komai, na jira ko mene ne. Sai ƙit, ya kashe.

Na miƙa wa Hajiya wayarta. Ba ta tambaye ni me ya ce ba, ta ji. Ta ture baƙaƙen rigunan ta zauna kusa da Umma, ta ɗora jaka a cinya. Ni na sulale ƙasa na jingina da akwati, da farar rigar a jikina. Ba wanda ya ƙara ninke ko ɗankwali. Guruf na ta ƙara a kan filo, ana ta musu a kan ko laima tana shiga jakar hannu. Aka kira la'asar, ba wadda ta motsa a cikinmu. Duk mashin ɗin da ya wuce a layi sai gabana ya faɗi, in ya yi nisa kuma ya sake faɗuwa.

Can wayata ta yi wata ƙara daban, wadda na ware masa shi kaɗai. Na rarrafa na ɗauko.

"Ina ƙofar gida. Ki wanke hannunki kafin ki fito."

Babu Likita, babu 'yar fuskar dariya. Na karanta na sake karantawa. So yake ya ga abin da idonsa, ko ƙyama ce ta fara tun daga yanzu? Ko kuwa da Hausa yake gaya min in wanke hannuna daga maganarsa? Shekara guda ina karanta saƙonnin mutumin nan, ina gane dariyarsa tun daga harafin farko, yau na kasa gane layi ɗaya.

Hajiya ta miƙo hannu, na ba ta. Ta sa gilashi ta karanta, ta mayar min.

"Kin ji abin da ya ce."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Na sa sabulu na cuɗa, ruwa mai launin ƙasa yana gangarawa cikin rariya, har wurin ya fito fes. Ban taɓa fita ko bakin ƙofa da shi a buɗe ba. Da na fito, Umma na tsaye a bakin ɗaki da mayafina a hannu ɗaya, kwalbar hoda a ɗayan. Ta kalli hannuna, ta kalli kwalbar. Ta yafa min mayafin, ta gyara min shi a kafaɗa kamar ranar da ta fara kai ni makaranta, kwalbar kuwa ta matse ta a ƙirjinta ba ta miƙo ba.

Na ratsa falo, na bi ɗan lungun da ke kai wa ƙofa. Ta ƙasan ƙyaure ina hango takalmansa na aiki, duk ƙura, sun tsaya cak ba sa motsi. Na ɗora jiƙaƙƙen hannuna a kan sakata, na ja.